Rasuwar Alhaji Ba-Komai, Uban Ƙungiyar Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Cikin alhini, da nauyin zuciya, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ya ba mu aron rai, Ƙungiyar Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka, wadda mutanen unguwa suka gutsure wa suna suka mayar da ita 'Yan Hannu Ɗaya duk da ƙorafin da muka daɗe muna yi, tana sanar da 'ya'yanta, da abokan arziki, da ma masu zaginta a bayan ido, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Shugabanta na farko wanda har yau ba a yi na biyu ba, Uban Ƙungiya, Jagoran Masu Shebur, Garkuwan Magudanan Ruwa, dattijon telan nan da babba da yaro suka sani da Alhaji Ba-Komai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin bai gaji wannan laƙabi ba, da bakinsa ya same shi. In an ce masa gada ta karye, sai ya ce ba komai. In an ce ƙungiya ba ta da ko tsinke, ba komai. Ranar da Limamin unguwa ya dawo masa da riga, hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, ya dubi rigar, ya dubi Liman, ya ce ba komai, kafaɗar Malam ce ba ta daidaita ba. Tarihi kuma ba zai manta ba cewa a cikin kwata aka haifi ƙungiyar nan. Sama da shekara arba'in da suka wuce, wata damina, magudanar da ta bi ta ƙofar shagonsa ta toshe, ruwa ya shiga ya jiƙa yadin mutane, marigayin ya fito ya leƙa don ya ga abin da ya tare ta, santsi ya kwashe shi ya zunduma ciki har ƙirji. Maƙwabtansa uku suka rugo ceto, wato Mahauci, da Bakanike, da Hedimasta. Maimakon ya miƙo hannu a jawo shi, sai ya ce tunda ya riga ya jiƙe, a miƙo masa shebur. Kunya ta sa su ukun suka naɗe wando suka bi shi, kuma a nan, tsaye cikin taɓo, aka zaɓe shi shugaba ba tare da hamayya ba, domin wurin ba na yawan buɗe baki ba ne.

Ayyukan da ƙungiya ta yi a ƙarƙashin jagorancinsa sun fi ƙarfin takarda ɗaya. Shi ne ya jagoranci cike ramin da ke gaban makarantar firamare, kuma saboda himma ta yi yawa, ramin ya tashi daga rami ya koma tudu. Direbobi suka yi ta tsine mana, amma tun daga ranar mota ba ta sake taɓa ɗan kowa a wurin ba, abin da marigayin ya rasu yana rantsuwa cewa da gangan ya tsara. Shi ne ya gina rumfar jiran mota a inda mota ba ta taɓa tsayawa ba, da aka nuna masa kuskuren kuma, sai ya kwashe kekensa na ɗinki ya koma ƙarƙashinta, yana ɗaga wa kowane direba hannu yana tambayar lafiyar iyalinsa, har tsayawa a wurin ta zame musu jiki. Haka nan shi ne ya fara kai mu asibiti ba da jini duk shekara, shi da ya ƙare rayuwarsa da allura a hannu amma bai taɓa hango ta likita ba tare da ya sume ba. Duk da haka shi ne farkon layi. A yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya tambaya ko an ɗiba, a ce ko farawa ba a yi ba, ya gyara hula ya sake miƙa hannu. Ƙattin da suka zo kallo ba su da bakin gudu bayan sun ga haka, kuma Allah kaɗai ya san matan da suka tashi daga gadon haihuwa da wannan jini.

Ba za mu rufe tarihinsa ba sai mun ambaci motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙungiya, tsohuwar bas ɗin da wani attajiri ya ba mu kyauta bayan ya rasa mai saye, wadda muka raɗa wa suna Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Ba ta taɓa tashi ba sai da turi, kuma akwai magidanta a unguwar nan da in an tambaye su inda aka haife su, ita za su nuna. Ranar da ciwo ya tsananta wa marigayin, babban ɗansa, Injiniya, ya kawo motarsa mai sanyi har bakin ƙofa, amma tsohon ya ƙi shiga, ya ce in shugaba ya guji motar ƙungiya, da wane ido zai ce wa talaka ya hau ta. Aka shimfiɗa masa katifa a ciki, aka tura, ta ƙi tashi; aka sake turawa, ta yi tari ta yi shiru. Kafin Bakanike ya gama buɗe gabanta, masu shaguna sun rufe shaguna, mata sun fito, direbobi sun ajiye motocinsu a gefen titi, kowa ya sa hannu, aka yi ta turawa har ƙofar asibiti, shi kuwa yana kwance yana ba da umarni ta taga, har ya hango wani sabon rami a hanya ya ce kada a manta da shi. Da likita ya gama duba shi ya sunkuyar da kai, marigayin ne ya dafa masa hannu ya ce ba komai. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

A madadin Kwamitin Amintattu, da Majalisar Dattawa, da Reshen Mata, da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu Hajiya, da Injiniya da ƙannensa, da jikoki, da duk wanda marigayin ya riƙe wa yadi bai gama ɗinkawa ba, muna roƙon su yafe. Allah ya jiƙansa da rahama, ya haskaka kabarinsa, ya sa ayyukansa su bi shi, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Daga ƙarshe, wajibi ne mu sanar da jama'a sakamakon ziyarar da dattawan ƙungiya suka kai wa Hajiya. Kowa ya san cewa tun kafuwarta ƙungiya ba ta da ofis sai garejin gidan marigayin, inda baro da shebur da bencinanmu suke, kuma mun shiga gidan ne don mu roƙi a bar mana shi, domin in aka ce mu kwashe, ba mu da inda za mu nufa. Hedimasta ya ɗauko bayani tun daga tushe, Hajiya ta bar shi ya kai tsakiya, sannan ta ce mu ɗaga kai. Muka ɗaga, muka ga sararin sama ta rufin ɗakinta. Ta nuna mana kwanoni da bokitai jere a ƙasa, ta ce: "Tun ina goyon Injiniya rufin nan yake yoyo. Kullum sai ya ce bari ya gama da aikin gari tukuna. Gareji naku ne har abada, amma ni ma 'yar unguwar nan ce." Babu wanda ya iya haɗa ido da ita, Mahauci ma hawaye ya yi.

Saboda haka ƙungiya ta yanke shawara cewa aikin gayya na ranar Asabar mai zuwa a gidan Shugaba za a yi shi. Kowa ya zo da tsani, da guduma, da ƙusa, kuma babu wanda zai sauko sai Hajiya da kanta ta watsa ruwa a kan rufin ta shiga ɗaki ta tabbatar ya daina yoyo.

Sa hannu:
Malam Mai Lasifika
Kakaki kuma Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka