Iccen Ƙofar Inna

Assalamu alaikum, Yaya Maniru.

Ina fatan kana lahiya, kai da Inna da Safinatu da yara. Ya ƙafar Inna? Ni ma lahiya lau nake nan Ingila, sai dai sanyi da tsayuwa wurin aiki bayan darasi. Ƙafafuna kan kumbura, amma kada ka gaya wa Inna.

Na ga hotunan bikin dashen itatuwa na garinmu Mandera da ka turo. Allon da masu aikin dashen suka kafa ya yi kyau, baƙi ma sun sha ado. Amma Yaya, dashe bayan kaka? Ruwa ya ɗauke, an kwashe amfanin gona, kowa ya saki bisashensa. Nan ajinmu kullum maganar ke nan, a tsara aiki yadda zai rayu bayan masu shi sun tafi. Ina rubutawa, ina tuna awakin Baffa Yahaya da ba su barin ko ganye guda. Na san masu aikin so suke su rufe shekara da hotuna, amma wa zai yi ban ruwa da rani? Wallahi na gaji, ko ƙarfin yin fushi ba ni da shi.

Roƙona guda ne. Iccen da suka dasa ƙofar Inna, ka saro ƙaya ka kewaye shi, a riƙa zuba mishi ruwan alwala. Sauran na bar wa Allah.

In na dawo, ina son in iske Inna zaune ƙarƙashin inuwa, ba ƙarƙashin allo ba.

Allah shi bar zumunci.

Ƙanenka,
Haliru