Waƙar da Kaka Pomaa Ta Ajiye wa Mijinta

Bomakrom, ranar Talata.

Zuwa ga Malama Dakta Araba Essandoh,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, da iyalinki, da ɗalibanki baki ɗaya. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ban isa ba. Na sha zuwa ƙofar ofishinki, amma da na ji motsinki sai in wuce kamar wani wuri za ni.

Sunana Oforiwaa. Ina cikin 'yan matan sakandare da kika aro domin su taya mawaƙan kwaleji da siririyar murya. Ni ce mai tsayawa a layin baya, kusa da taga. Kuma ni jikar marigayiya Pomaa ce, tsohuwar da kika naɗi waƙoƙinta a gidanmu kafin ta rasu.

Duk gari maganar ranar baje ayyukan malamai ake yi. An ce Malam Kyeremeh zai nuna na'urarsa ta busar da 'ya'yan koko, littafin lissafin Malama Sakyiwaa kuma ya fito, amma waƙarki ce za ta rufe taro, har manyan malamai za su zo daga Kumasi su saurara. Na san irin wahalar da kika sha a kanta. Shi ya sa maganar ta yi mini nauyi.

Malama, waƙar da kika sa wa suna "Yabon Tieku" ta makoki ce. A danginmu mace takan shirya wa mijinta waƙar da za ta yi a kan gawarsa, ta ajiye ta a ranta, shi kuwa ba ya jin ta. Kakata ta ɗora tata a kan muryar waƙar daka domin kada a gane, tana rera ta a gona da bakin turmi. Ni kaɗai ta faɗa wa. Wurin nan da muke jero sunayen iyayensa mata, tun daga uwarsa har kakar kakarsa, kiran su ake yi su fito su tarbe shi.

Kakana Tieku kuwa yana nan da ransa, kuma kin aiko masa da gayyata, kujerar gaba. Har ya sa an fito masa da zanensa na kente ya sha iska.

Ban san abin da ya kamata a yi ba. Na dai ga bai dace in ci gaba da rera ta ina shiru ba.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki,
Oforiwaa.

Bomakrom, ranar Lahadi.

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, na ga amsarki. Na gode da ba ki yi fushi ba. Amma da na karanta cewa kin cire waƙar, za mu yi wata tsohuwa a madadinta, sai na ji kamar ni na ƙona miki rumbu. Na kasa cin abinci, har mahaifiyata ta tsare ni, na faɗa mata komai. Ita kuma ta faɗa wa yayanta, Kawu Boadu.

Kawu ba ya iya magana a hankali. Ya tsaya tsakar gida yana cewa, "Wato da a gaban baƙi za a binne mana tsoho da ransa? Ilimin ke nan?" Mama ta ce, "Yaya, rage murya mana, Baba yana baranda." Ya ce ai kunnen Baba ya daɗe da yin ritaya.

Sai muka ji daga baranda, "Boadu, gawar tana jin ka."

Kaka ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi. "Amarya, zo nan. Ashe ke da tsohuwar nan kun haɗa mini kai? Me ta ce a ciki? Zagina ta yi?" Na ce a'a. Ya ce in rera masa. Malama, na ce masa ba zan iya ba.

Ya kalli turminta da ke jingine a gindin lemo. Sannan ya ce, "Mun yi da ita ni zan riga ta. Ta saɓa, ta tafi da kayana. Yanzu wata baiwar Allah ta tsinto mini, ku ce kada in karɓa?" Kawu ya ce, "Baba, wannan jawo ajali ne." Ya ce, "Da ya zo ɗaukar uwarka, waƙa aka yi masa?"

Saƙonsa ke nan gare ki: ki mayar da waƙar, kada ki rage ko suna ɗaya. Sharaɗinsa dai kada kowa ya sa ja ko baƙi, domin shi taro zai je, ba jana'iza ba. Kawu ya rantse ba zai taka wurin ba. Ni ma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba, amma in kin mayar da ita zan rera.

Taki cikin ladabi,
Oforiwaa.

Bomakrom, ranar Litinin.

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki barka da gajiya. Ina taya ki murna, ke da sauran malamai. Na ga yadda baƙin Kumasi suka kewaye ki bayan taro, shi ya sa ban matso ba.

Da yake kin ba jama'a baya kina bi da mu, ba ki ga Kaka ba. Ni na gan shi. Ya zauna a miƙe, hannu biyu a kan sandarsa. Da muka zo sunayen iyayensa, bakinsa yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, da muka ambaci uwarsa kuwa ya ɗan ɗaga kai kamar an kira shi daga ɗaki. Bai yi kuka ba. Wanda ya yi kuka Kawu Boadu ne, a bakin ƙofar baya, yana goge ido da gefen zanensa.

A hanyar gida ni da Kaka muka haye gada. Nan ya tsaya ya ce, "Amarya, ta yi ƙarya wuri ɗaya. Ta ce ban taɓa kwana da fushi ba. Na so in kwana da shi sau da yawa, ita ce ba ta bari." Ya yi dariya har da tari. Da muka isa ya cinye sakwararsa tas, ya nemi ƙarin miya.

Jiya ya ba ni wani saƙon. Ya ce ranar da tasa ta zo, kada a wahalar da kowa da neman mai waƙa. Yaranki yake so, da ke a gabansu, ku yi ta yadda kuka yi ta ran Asabar, da saurinta na daka. Ya ce ya ji ta, ta yi masa daidai.

Na ce masa ban san yadda zan roƙi babbar malama irin wannan abu ba. Ya ce yadda na rubuta na farko.

Don haka ina neman izininki, Malama. Idan ranar ta zo, ko ina makaranta ko ina wani gari, ki yarda in sake rubuto miki. Ina roƙon Allah Ya sa sai kin manta da rubutun hannuna kafin nan.

Ki gaida gida.
Ɗalibarki ta layin baya,
Oforiwaa.