Lambar da Aka Gina a Cikin Injinanku Ce Ta Sa Aka Kulle Ni

Zuwa ga Babban Manaja na kamfanin rarraba taki da na yi wa aiki shekara tara, Kano.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Takarda uku na aiko ofishinka, ko ɗaya ba a amsa ba.

Sunana Ilyasu, mutumin Kwanyawa. Ni ke kula da injin aika saƙo a reshenku na Karaye, har zuwa watan jiya da aka dakatar da ni bisa zargin satar taki.

Na farko. Da kuka ajiye rediyon oba-oba kuka kawo injinan nan masu haɗa Kano da Karaye da Rogo, an ba kowannenmu lambarsa ta sirri, aka ce duk saƙon da ya fita da sunan mutum, shi ya aika. Amma ranar da ake haɗa namu, ina tsaye injiniyan ya buga wata lamba dabam, injin ya buɗe masa komai. Na tambaye shi, ya ce ta masu gyara ce, tun daga masana'anta aka gina ta a ciki, ba ta goguwa, ba ta canzuwa, kuma iri ɗaya ce a duk injinan. Wanda ya shiga da ita yana iya aika saƙo da sunan duk wanda ya ga dama. Daga baya na gan ta ɓaro-ɓaro a shafin ƙarshe na littafin injin, wanda ke yashe kan tebur a kowane reshe. Sau biyu na rubuta wa shugaban sashenmu. Amsar da na samu, ta baki, ita ce in tsaya a aikina.

Na biyu. Wata Laraba a farkon daminar nan, saƙo ya isa Rogo da sunana, wai a loda wa motoci biyu takin da aka ware wa manoman Kwanyawa da Gwangwan, a kawo Karaye. Malam Bello mai kula da siton Rogo ya ga sunana, ya sa aka yi lodi. Har yau motocin ba su iso ba. A ranar ina Gwangwan wurin jana'izar kawuna, ni na yi masa wanka, kuma mukullin ɗakin injin yana aljihuna. Liman da mai unguwa sun shaida haka. Duk da haka kwana huɗu na yi a kulle wurin 'yan sanda, domin mai binciken da kuka turo ya ce inji ba ya ƙarya. Na roƙe shi ya buɗe shafin nan na littafin injin ya gani da idonsa. Ya ce ba shi aka aiko shi dubawa ba.

Na uku. Ranka ya daɗe, masara ta yi rawaya a gonakin mutanen da muka taso tare. Mahaifina ya daina zama a ƙofar masallaci tun ranar da wani ya tambaye shi ko buhu nawa ɗansa ya kawo gida. Malam Bello, da bai yi komai ba sai bin dokarku, yana kwance da hawan jini.

Na huɗu, wanda ya fi tayar mini da hankali: lambar tana nan. Injiniyoyin da suka bar aiki sun san ta. Direbobi kan zauna a ɗakin inji suna jiran takarda, littafin na gabansu. An canza wa kowa lambarsa bayan abin ya faru, amma wannan gyaran ƙofar gaba ne, alhali katangar baya a rushe take. Nan da mako biyu taki na biyu zai sauka a Rogo, kuma wanda ya yi satar farko bai ga abin da zai hana shi dawowa ba. Ban san sunan wa zai ara ba wannan karon.

Don haka ina roƙo a kwashe littattafan nan a kulle su, kuma kada a sake sakin kaya sai da takarda mai sa hannu, har masu ƙera injin su cire lambar ko su kwashe kayansu. A duba ta wane inji saƙon Larabar ya fita. A wanke ni da Malam Bello a gaban manoman da aka kira mu ɓarayi a gabansu.

Ban rubuta lambar a nan ba, don ban san hannun da jaridar nan za ta faɗa ba. Idan kana shakka, ka sa rana in zo. A ofishinka, a gaban idonka, zan aika wa Rogo saƙo da sunanka, mu ga ko za su ƙi yin lodi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka daga ɗaukar laifin da ba naka ba.

Wassalam.

Ilyasu Kwanyawa,
Karaye.