Akwatin da Kika Aiko da Mutanen Gindin Katanga

Zango, Damagaram

Zuwa ga ɗiyata Shatu, a Yamai,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Lawali. Allah ya ƙara miki lafiyar jego, ya raya Rabi. Ni da sauƙi, sai ƙafar nan da ta hana ni wuce zaure. Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, mutanen Guna da Dakusa sun cika gari neman aiki.

Dalilin takarda shi ne akwatin intanet da kika aiko don in riƙa ganinki a waya. Kada ki ɗauka fushi nake. Sati uku ke nan in kin kira sai fuskarki ta daskare, baki a buɗe, maganar ta yanke. Rabi kuwa, takwarar mahaifiyarki, kunnenta kaɗai na taɓa gani. Na kashe akwatin na kunna kamar yadda kika ce. Na goge shi da tsumma, na ɗora shi kan taga, na kuma sauko da shi kusa da randa don kada zafi ne. Fitilunsa duk kore ne, wai alamar lafiya. To lafiyayye ne ya ƙi aiki? A zamaninmu na lakwal, wato makarantar boko, rediyo in ya lalace shiru yake yi, ka san inda ka dosa.

Jiya Bukar mai gyaran waya ya zo. Ya duba, ya tambaye ni mutum nawa ne a gidan, na ce ni kaɗai. Ya ce akwatin ya nuna masa waya ashirin da uku. Ashe lambobin sirrin nan da ke rubuce a bayansa ne. Wani Nomau daga Guna ya roƙe ni su don ya ji muryar ɗansa da ya tafi Aljeriya, na rubuta masa, don ban taɓa jin an hana maƙwabci ɗiban wuta ba. Shi kuma ya ba 'yan garinsu. Ni da nake ganinsu kullum a gindin katangata, na ɗauka inuwa suka biyo. Bukar ya ce kamar rijiya ce, guga ya yi yawa. Har yanzu ban gane yadda abin da ba a gani yake ƙarewa ba.

Ya ce in ya canja lambobin, a take zan gan ki tangaram. Na ce ya dakata. Shatu, tun rasuwar mahaifiyarki ƙofar nan ba ta ga takalma haka ba. Suna gaishe ni, suna cika mini randa, Nomau ne ma ke kama ni in zan tashi. Ko don akwatin suke zuwa, ai dai sun zo.

Ga abin da na gano. Ranar Juma'a da azahar duk suna tafiya masallaci, ni ƙafa ta bar ni a gida. Ki kira a lokacin, ki yi wa amaryata Rabi kwalliya, ki juyo mini da fuskarta gaba ɗaya.

Ki gaida Lawali da Hajja surukarki. Gwaggonki Lami tana gaishe ki.

Mahaifinki,
Sallau