Ni na kayar da ɗana a zaɓen kansila

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta min. Don Allah kowa ya riƙe zaginsa sai ya ji ƙarshe.

Ungozoma ce ni a nan Jalingo, rabin unguwarmu ni na yanke musu cibiya. Ɗana ɗaya ne tak, shi ya fito takarar kansila a zaɓen nan da aka yi bayan an ce kuɗin ƙaramar hukuma zai riƙa zuwa kai tsaye. Wata rana na jiyo shi a zaure da abokansa yana dariya, wai yanzu ba mai tare musu gaba, kafin shekara zai ɗora bene. Ba maganar rijiyar burtsatse, ba maganar asibitin unguwa inda mata ke haihuwa a kan tabarma. Na kira shi na ce, "Kai, daga bakinka na ji wannan?" Ya ce, "Haba Dada, ke dai shirya jakar Makka." Makka da haƙƙin jama'a? Wa ya san halin ɗa kamar wadda ta goya shi?

Sai na bi ɗakunan masu jego, inda namiji ba ya shiga. Ina gasa musu jiki da ruwan zafi ina cewa, "Ranar zaɓe abokin takarar ɗana za ki dangwala wa, ki gaya wa 'yan'uwanki, kar ki ce ni na ce." Mata ba sa musu da ni. Ya faɗi, da ƙyar ma aka kayar da shi.

Ashe wata ta gaya wa mijinta daga gidanmu maganar ta fito. Ɗana ko kallon ɗakina bai yi ba, matarsa ya ɗora wa laifin, don kawunta yana ɗaya jam'iyyar. Yarinyar nan ta durƙusa gabana tana kuka, "Dada, ki gaya masa ba ni ba ce." Na ce ta yi haƙuri. Iyakar abin da na iya ke nan, ni da ake tsoron bakina. Ya mayar da ita gidansu a Mutum Biyu har da yaran, ya ce bayan sallah zai sake ta.

Yanzu gidan shiru, ba mai taɓa min tulu balle in yi faɗa. Da yamma ya zauna bakin ƙofata ya ce, "Dada, ke kaɗai ba ki ci amanata ba."

Ƙuri'ar dai ban yi nadamarta ba. Amma in na buɗe baki, ba ni da wani ɗan da zai ɗauki makarata. In na yi shiru, auren baiwar Allah ya mutu a kan laifina, ga sallah ta ƙarato. Jama'a, me zan yi?