Na Tsine wa Ɗan Farina

Assalamu alaikum masu kula da shafin nan da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Don Allah kada wanda ya zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Gwaram. Ɗan farina shekararsa goma sha huɗu, kuma tun yana ɗan shekara shida ban taɓa sa shi abu ya ce to ba. Ka ce ya zauna, ya miƙe. Ka ce ya ɗebo ruwa, ya ce me ya sa sai shi? In ya fasa abu, ƙanensa ne ya ja. In ya zagi malami, malamin ne ya fara. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, amma wallahi sai ya sa waliyyi ya yi ashar. Babansa ya doka har ya gaji. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Dangi kuwa bakinsu ɗaya, wai ni na sangarta shi. Ni? Ni da ko sunansa ban taɓa kira ba saboda kunyar ɗan fari?

Kakar bara na shanya gyaɗar da zan yi ƙuli-ƙulin sayarwa. Na ce, "Kai, ɗaure awakin nan." Ya ce, "Ba zan ɗaure ba." Na haɗiye, na ɗaure da kaina. Ina shiga ɗaki ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwance, ya tsaya yana kallo suna ci. Da na fito ya dube ni ido cikin ido ya ce, "To ki dake ni mana." Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi, na ce, "Allah ya tsine maka albarka!" Daga ni sai shi a gidan. Sai ya kora awakin ya ɗaure.

Bayan wata uku hedimastansu ya matsa wa babansa muka kai shi wajen wani likita a Birnin Kudu. Likitan ya daɗe yana yi mana tambayoyi, sannan ya ce larura ce sananniya a yara: saurin fushi, gardama, bijire wa na gaba. Ya ce duka ƙara ta yake, kuma ana shawo kanta in yaro da iyayensa suka dage da zuwa ana zama da su. Raina ya ɓaci. Ina masu cewa aljanu ne? Ina masu cewa a ƙara masa bulala? Shekara takwas kowa malami ne a kan ɗana, babu wanda ya taɓa cewa asibiti, sai da na riga na yi ɓarna!

Sau ɗaya yaron ya koma, ya ce ya gama. Sallah ma ya daina. Babansa yana ta faɗa, bai san dalili ba, ni kuma kunya da tsoro sun hana ni faɗa masa. Shekaranjiya na sami yaron shi kaɗai a zaure, na dafa kansa na ce, "Na janye abin da na faɗa. Allah ya yi maka albarka. Ka shirya mu koma wajen likita." Ya ture hannuna ya ce, "Inna, wanda uwarsa ta tsine masa me likita zai masa? Wannan albarkar a baki kika faɗe ta. Waccan kuwa daga zuciyarki ta fito."

Kuma ba ƙarya yake ba. Allah shi ne shaida, ranar da na tsine masa har zuciyata na faɗa, kuma ya gani a idona. Jama'a, me zan yi?