Layin Waje na Gefen Hagu

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah ta kai gare ka a makwancinka. Ni ne yayanka Mamman, daga Damagaram. Ban yi karatun lakwal ba, ka sani, faɗa nake ana rubuta mini. Na ce a sa yadda na faɗa, kada a gyara.

Labarin filinmu na tanis na kawo maka. Za a faɗaɗa hanyar da ke bi ta gefensa zuwa Kara-Kara, kuma kwaltar za ta cinye layin waje na hagu. Gefenka ke nan.

Samarin da ke buga wasa yanzu ko a jikinsu. Su ɗaiɗai suke yi, layin ciki ya ishe su. Suka ce, "Baba, wa ke wasan bibbiyu yanzu? Ka daina ɓata farar ƙasa wajen jan layin waje." Na ce musu a wannan siririn lungun da suke rainawa, tsakanin layin ciki da na waje, ƙanena ya ci abincinsa har Turai.

Ɗayansu ya ce ai ba ka taɓa ɗaukar kofi kai kaɗai ba. Gaskiya ne. Kai ko tuwo ba ka iya ci kai kaɗai, Lawali.

Ka tuna farkonmu? Raket ɗaya ta katako da wani Nasara ya yar, muna karɓa-karɓa. Da muka samu ta biyu, muka tsaya gefe ɗaya, kai bahago, ni na dama. Kana gaba a bakin raga, ina baya. Sai ka kai hannu bayanka yadda abokan karawa ba sa gani. In ka dunƙule, kana nan a wurinka. In ka buɗe tafi, za ka ƙetare, ni in ruga in rufe gurbin da ka bari.

Da aka ɗauke ka zuwa Yamai, daga can Abijan, daga can Faransa, wasu suka tsaya a bayanka. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan. Sau ɗaya na gan ka a akwatin tele, a shagon wani tela a Zango, ka kai hannu baya kana yi wa wani dogon Bature alamarmu. Na miƙe ina ihu, "Tawa ce! Ni aka fara yi wa!" Aka yi ta dariya.

Kullum kana cewa, "Yaya, in abokinka ya zubar da ƙwallo, ka riga shi miƙa hannu." Ko an ci ku ko kun ci, sai ka tafa da shi.

Zuwanka na ƙarshe ka rame, ka ce gajiya ce. A tasha, za ka hau mota, ka juya mini baya, ka kai hannu, ka buɗe tafi. Na ɗauka tsokana ce, har na yi maka daƙuwa.

Can Faransa aka binne ka. Ban san ƙasar da ta rufe ka ba, ban zuba maka ko tafi ɗaya ba. Abin da nake da shi layin nan ne. Kowace Juma'a da safe nake ja shi, tun ranar da labarin ya zo.

Yanzu yanar ido ta rufe mini gani. Layin makon jiya ya karkace kamar sawun maciji, sai da aka gaya mini. Masu awon hanya sun kafa turakunsu, na tuge, suka mayar, na sake tugewa. Babbansu ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri." Na san su za su ci.

Na rufe maka gurbinka iya ƙarfina, Lawali. 'Ya'yanka sun girma, sun yi aure. Wannan ƙwallon ce ta fi ƙarfin ƙafata. Ga hannuna na miƙa, ba wanda zai tafa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a inuwar Manzo. In tawa ta zo, Allah Ya tsayar da ni a bayanka.

Juma'a mai zuwa zan ja layin, ko a kan kwalta ne.

Yayanka na baya,
Mamman